Karatun Bakin Kantan: Ɓarawo, Ɗan Damfara da Kayan Jabu

Ya 'yan'uwa fatake da dillalai na Bebeji, Kiru, Tudun Wada da Doguwa, riɗin da ke fita daga Dawanau yana kaiwa har ƙasar Sin, kuma yaranmu suna zuwa birnin Gwanzu sarin kaya. Gwanzu ita ce Kantan a bakin Turawa, inda ake cin babbar kasuwar baje koli tun 1957, sau biyu a shekara. Bakin garin shi ne Kantananci, shi ake yi a Honkon ma. Na karɓi kalmomin nan daga masu zuwa can. A biya su kamar yadda ake biya allo.

Ɓarawo sunansa "cak". Sata "tau ye". Yankan aljihu "da ho bau", ho bau ɗin shi ne jakar kuɗi. Fashi kuwa "da gib". Ɗan damfara "lou cin", in ya cuci mutum sai a ce "ngak yan". Ɗan sanda "ging cat". Wanda ya shiga uku ya ƙwalla "gau meng", wato a ceci rai.

To, ga inda gizo ke saƙa. Bakin nan da murya ake rarrabe shi, har hawa shida, kuma wasalin ajaminmu ba ya nuna ta. Mu ma muna da irinta: wuya ta jiki daban, wuya ta wahala daban. "Mai" in murya ta ɗan ɗaga, saye ne. In ta kwanta ƙasa, sayarwa. Wadda ta fi ba ni tsoro ita ce "ga". In ta hau sama, jabu ke nan, "ga fo" kayan jabu. In ta tsaya tsakiya, farashi. Ka ga mutum na neman jin kuɗin kaya, sai ya ce wa mai shago kayansa na ƙarya ne a gaban jama'a. Ina ciniki kuma?

Don haka ni a ganina, ka riƙe su don kunne ya gane in an faɗa kusa da kai. Kada ka kira kowa "cak" ba shaida, kai baƙo ne. Farashi kuwa a rubuta da lamba.

In abu ya ɓaci, lambar 'yan sanda a Gwanzu 110 ce, a Honkon 999. A ofis a Gwanzu an fi yin Mandarin, bakin hukuma, sai ka tafi da tafinta, da fasfonka a jikinka.