Zaman Baƙunci a Ƙasar Gwanja

In kun tashi daga Nasarawa kuka shiga kasuwar Birnin Kebbi, ku tsaya kaɗan wajen masu goro. Za ku ga an kwance huhu ana yayyafa masa ruwa, ga fari ga ja. Amma itacen goro ba ya yi a fadamarmu. A kurmi ya ke fita, inda ruwan sama ya ke da yawa. Saboda wannan ɗan itace kakanninmu da yawa suka bar gida, suka tafi ƙasar da a ke kira Gwanja, wadda yanzu ta ke cikin Gana.

A zamanin dā ba mota. Fatake su kan taru a Jega da jakunansu, su ɗaura kanwa da riguna da fatu da gabu, watau busasshen ganyen albasa. Madugu shi ne shugaban ayari. Su kan haye Kwara, su ratsa ƙasar Bargu, su bi ta Yandi har su sauka Salaga. Wanda ya tashi da kaka, da wuya ya komo kafin bazara. A Salaga a ke musayar kayan nan da goron da Tonawa, wato Asante, su ke kawowa daga kurmi. Har bayi ma an sayar a kasuwar nan, abin da ba mu jin daɗin tunawa.

Ba dukan wanda ya je ya ke komowa ba. Waɗansu suka zauna, suka yi aure. Unguwar da baƙi su ke sauka ita a ke kira zango, shugabanta kuwa Sarkin Zango. Har yau akwai zango a Kumasi, akwai Sabon Zango a Ankara, babban birnin Gana.

To, yaya baƙo ya ke fara zama a ƙasar da bai san kowa ba? Hausawa sun ce baƙo makaho ne ko da yana da ido. Saboda haka abin da ya kan fara nema shi ne maigida. Maigida shi zai ba shi ɗaki, ya ajiye masa kayansa, ya nemo masa mai saye, ya yi masa tafinta. In rigima ta tashi, shi zai tsaya masa. Ladansa kuwa la'ada ce cikin cinikin. Bakebe ya kan nemi gidan Bakebe, Bakano ya nemi na Bakano, don a can zai sami labarin gida, a can kuma zai sami wanda zai kai wa mahaifiyarsa saƙo.

Abu na biyu shi ne abinci, kuma a nan ne baƙo ya kan sha wuya. Mutumin Argungu ya saba da tuwon shinkafa da fura da kifin gulbi. Ya je Kumasi sai a ajiye masa fufu, wanda a ke kirɓawa da rogo da ayaba, ga miya tsululu da manja. Ba a tauna shi, haɗiye shi a ke yi. Ran farko ya kan zauna yana kallon kwano, yana tunanin gero. Bayan wata guda sai ka ga yana neman ƙari. Amma ku lura, ba baƙon kaɗai ya koya ba. Matan zango sun kafa tukwanensu a bakin titi, 'yan ƙasa suka ɗanɗana suka ji daɗi. Shi ya sa in kun je Gana za ku ji ana sayar da koko da ƙosai da tuwo zafi da sunayensu na Hausa. Shinkafa da wake ma sunanta can waakye, daga kalmar nan tamu ta wake.

Ga kuma sauyin yanayi. Mu nan damina ɗaya gare mu, a Kumasi kuwa sau biyu a ke yin ta a shekara. Riga ba ta bushewa da wuri, goro ne kaɗai ya ke murna. Doki da jaki ba su daɗewa a kurmi saboda ƙudan tsando, sai mutum ya ɗauki kayansa a ka.

Da Turawa suka ci ƙasashen nan, sai aiki ya sake. Samari daga lardin Sakkwato suka riƙa tafiya cin rani in an gama girbi. Waɗansu su yi ƙodago a gonakin koko, waɗansu su shiga ramin zinariya a Obuwasi, waɗansu dako ko gadi. Mai lura da gonar koko ya kan sami kashi ɗaya cikin uku na amfanin. Kuɗi ba su ba su wahala ba da fari, don fam da sule da kwabo iri ɗaya a ke kashewa nan da can. Daga baya Gana ta sami mulkin kai a 1957, ta fito da kuɗinta, a 1965 kuma ta sa musu suna sidi.

Cikin waɗanda suka zauna can akwai wani babban malami wanda ya kamata kowane ɗan Kebbi ya san sunansa, shi ne Alhaji Umaru. An haife shi a Kano wajen 1858, amma asalin gidansu Kabawa ne. Ya yi karatu a ƙasar Sakkwato, sa'an nan ya zauna Salaga. Yaƙin basasa ya watsa garin a 1892, daga baya ya koma Kete Karaci, ya zama limamin garin. Ya karantar da almajirai masu yawa, ya yi waƙoƙi da Larabci da Hausa, ya kuma rubuta labarin ƙasar Hausa da al'adunta, yana can nesa da ita. A can ya rasu a 1934.

Zaman baƙunci dai ba ya rasa fargaba. A watan Nuwamba na 1969 gwamnatin Busiya ta ce duk baƙon da ba shi da takardar izinin zama ya fita cikin mako biyu. Mutane dubbai suka sayar da kayansu da araha, suka cika manyan motoci. Cikinsu har da waɗanda a zango aka haife su, ba su taɓa ganin garin kakanninsu ba. Suka iso gida suna Hausa irin ta zango, yara suna yi musu dariya. A 1983 Nijeriya ma ta kori baƙi, yawancinsu mutanen Gana. Yanzu ɗan Nijeriya mai fasfo yana iya shiga Gana ya yi kwana 90 ba tare da biza ba, amma in zai zauna ya yi aiki, sai ya nemi takarda.

Tambayoyi

1. Wane kaya fatake su ke ɗauka daga Jega zuwa Salaga?
2. Faɗi abu uku da maigida ya ke yi wa baƙonsa.
3. Don me ba a shiga kurmi da jakuna?
4. Tambayi wani tsoho a unguwarku ko akwai wanda ya taɓa zuwa Gwanja a danginku. Rubuta abin da ya faɗa maka.