Mu Tare Ruwan Sama A Inda Ya Sauka

Jama'a, ku tuna da watan Afrilu. Mata sukan fita tun da asuba, su jeru a bakin rijiya. A zura guga, a jawo, rabinsa duk laka. Wata sai hantsi ya yi kafin ta cika tulu ɗaya. Amma a watan Agusta ruwa ne ko'ina, har yana cin hanya, yana kā da katanga. To, ina ruwan nan ya tafi?

Gudu ya yi. Rijiya ba ta da ruwan kanta. Ruwan sama ne yake nutsewa cikin ƙasa, ya taru, mu kuma mu haƙa mu same shi. In ƙasa ta zama fako, ruwa ba ya shigarta. Sai ya bi gangare ya faɗa kwari, ya tafi da taki da ƙasa mai kyau. Gona ta yi hasara, rijiya ma ta yi.

Akwai dabarar tare shi. A ƙasar Yatenga ta Burkina Faso ana kiranta zai. Wani manomi, Yakuba Sawadogo, wanda ya rasu a 2023, shi ya yi suna wajen raya ta. A 1989 waɗansu manoman Illela suka je can suka gani da idonsu. Illela ta jihar Tawa a Nijar nake nufi, ba ta Sakkwato ba. Da suka komo suka gwada, suna kiranta tassa. Damina ta 1990 ta zo da ƙarancin ruwa, amma masu tassa suka sami abin sa wa a rumbu. Daga nan maƙwabta suka shiga koyi.

Ga yadda ake yi. Da rani, ka sami fakon da aka bari. Ka haƙa rami da diga ko fartanya, faɗinsa kamar ƙafa 1, zurfinsa inci 6 zuwa 8. Ƙasar da ka fitar, ka tara ta a gefen gangare, don ta tare ruwa. Ka bar kamar ƙafa 3, ka haƙa wani. Kada ramukan su bi layi ɗaya daga tudu zuwa gangare. Ka sarƙa su, yadda ruwan da ya kuɓuce wa wannan zai faɗa wancan. Sa'an nan ka zuba takin dabbobi cikin tafi biyu a kowane rami.

Takin nan yana jawo gara. Kada ka kore ta, a nan ma'aikaciyarka ce. Tana huda ƙasa, ruwa ya bi hudar ya nutse. In ruwan shuka ya sauka, sai ka shuka gero ko dawa a cikin ramin.

Ba zan ɓoye muku ba, aikin da wuya, fako kuwa ba ya jin lallashi. Mutum ɗaya zai gaji. Aikin gayya ne: yau gonar wannan, gobe ta wancan. Kuma kada a yi shi a jigawa, gama rairayi zai cike ramin.

Kafin aji na gaba, kowa ya zaga bayan gari, ya dubo fakon da ya fi kusa da rijiyarmu. A shaida wa mai unguwa, a nemi izinin mai wurin. Ranar Asabar kowa ya zo da digarsa, a fara da rami 20.