Malamin Alhazai da Yawon Ganin Gari

Jama'a, malamin da aka tura Ƙasa Mai Tsarki domin karantar da alhazai amana ya ɗauka. Idan ya ƙulla niyyar zaman kwana 4 a Makka, ƙasaru ta faɗi a mazhabar Malikiyya. Sai ya cika sallarsa, ya kuma sanar da mutanensa. Ziyara kuwa halal ce. Ta Masallacin Ƙuba a Madina har lada gare ta, domin Manzon Allah (SAW) yakan je can kowace Asabar. Amma hawa zuwa Kogon Hira ba ya cikin ayyukan Hajji. Abin takaici, wani malamin yana can kasuwa yana taya agogo, alhali ga dattijo a masauki bai san yadda ake jifan Shaiɗan ba.