Geto: Unguwar da Aka Toshe

Duk wanda ya taɓa zuwa Damagaram daga nan Gidigir ya ga sauran ganuwar Birni, wadda Sarki Tanimu ya gina. Aikinta kare mutanen gari. In dare ya yi a rufe ƙofofi, mahara su kwana a waje. Gari na wayewa a buɗe, manomi ya fita gona, mai itace ya shigo da kayansa.

Yau za mu karanta labarin wata ganuwa dabam. Ita an gina ta ne don kada na ciki su fita, kada abinci ya shiga.

Ranar 1 ga Satumba 1939 sojojin Jamus suka faɗa wa ƙasar Polan, can Turai. Daga nan Yaƙin Duniya na Biyu ya soma, wanda tsofaffinmu ke ce wa yaƙin Hitila. Shi Hitila da jam'iyyarsa ta Nazi sun tsani Yahudawa ƙwarai. Yahudawan nan kuwa ƴan ƙasa ne, kakanninsu sun yi ɗaruruwan shekaru a Polan. Cikinsu akwai teloli, da masu gyaran takalmi, da likitoci, da malamai, da talakawa tuli. A Warso, babban birnin ƙasar, kusan mutum ɗaya cikin uku Bayahude ne.

Sai Jamusawa suka soma tara su cikin unguwanni na dole. Sunan irin wannan unguwa geto. Tsohuwar kalma ce daga birnin Fenis na Italiya, inda aka keɓe wa Yahudawa unguwa tun 1516. A lokacin yaƙi an yi geto fiye da 1,000 a Polan da ƙasashen gabas da ita. Ta Warso ta fi duka girma.

Cikin watan Oktoba 1940 aka yi shela. Yahudawa wajen 138,000 suka bar gidajensu suka koma cikin unguwar, waɗanda ba Yahudawa ba wajen 113,000 suka fito daga cikinta. Ranar 16 ga Nuwamba aka rufe. Katangar ta bulo ce, tsayinta mita 3, an zuba fasassun kwalabe da waya mai ƙaya a kanta. Tsawonta duka wajen kilomita 18. Da farko ƙofa 22 gare ta, ko wace da masu gadi. Daga baya ma aka rage su.

To, a nan sai mu yi ɗan lissafi. Filin unguwar hekta 340 ne. Mutanen da aka cusa ciki sun fi 400,000, wato sun fi dukan mutanen garin Damagaram da aka ƙidaya a 2012. Kashi 30 cikin 100 na mutanen birni aka tura a fili da bai kai kashi 3 cikin 100 na birnin ba. Ɗaki guda, mutum 7 ko fiye. Ku dubi ɗakin da kuke kwana, ku sa mutum 7 da kayansu da tukunyarsu. Ga sanyin Turai mai daskarar da ruwa, ga babu itacen hura wuta.

Waɗanda suka ja layin katangar a kan taswira sun san abin da suke yi. Inda akwai lambun shan iska, sai layi ya karkace ya bar lambun a waje. Babbar kasuwa ma a waje aka bar ta. Akwai wata babbar hanya mai suna Hwodna, wadda Jamusawa ke bukata don motocinsu. Sai suka yi mata katanga dama da hagu, ta raba unguwar gida biyu, babba da ƙarama. A watan Janairu 1942 aka ɗora gadar katako bisa hanyar. In mutum yana so ya gai da uwarsa a ɗaya ɓangaren, sai ya hau gadar nan cikin turereniya. Daga bisa yana hangen mutanen gari a ƙasa suna harkarsu.

Unguwa ba gona, ba kasuwa, me za a ci? Sai abin da Jamusawa suka ga dama suka shigar. A 1941 rabon abincin Bayahude bai kai kashi ɗaya cikin goma na rabon Bajamushe ba. Saboda haka yawancin abin da aka ci a unguwar ta hanyar fasa-ƙwauri ya shigo. Yara ƙanana su ne gwanaye. Sukan kutsa ta ramin gindin katanga, su sayo dankali ko burodi, su ɓoye cikin riga. Da yawa an harbe su a wurin. Tun Oktoba 1941 doka ta ce Bayahuden da aka kama waje ba izini, kisa ne.

Hujjar da Jamusawa suka bayar wai Yahudawa na yaɗa taifus, zazzaɓin nan da ƙwarƙwata ke kawowa. Ƙarya ce. Cunkoso da yunwa da rashin sabulu su suka hura cutar bayan an rufe ƙofa. Daga 1940 zuwa tsakiyar 1942 mutum wajen 83,000 suka mutu don yunwa da ciwo.

Akwai abu guda da ba a bari nesa ba: hanyar jirgin ƙasa. Tana nan daf da arewacin unguwar, da wani fili inda ake loda kaya. Daga 22 ga Yuli 1942 zuwa Satumba aka riƙa kora mutane filin nan. Aka ce musu aiki za a kai su gabas. Har aka yi alkawarin kilo 3 na burodi ga wanda ya kawo kansa, kuma mai yunwa ya zo. Mutum wajen 265,000 aka loda a taragon dabbobi zuwa Tirabilinka, tafiyar da ba ta fi kilomita 100 ba. Can aka kashe su da iskar guba.

Ranar 19 ga Afrilu 1943 samari da ƴan matan da suka rage suka ɗauki ƴan bindigoginsu suka tare sojoji. Sun yi kusan wata guda suna faɗa. Jamusawa suka bi gida gida suna sa wuta, har 16 ga Mayu unguwar ta zama kufai. Mun san abubuwan nan dalla-dalla don wani malamin tarihi, Emanuwel Ringelbulum, da abokansa sun rubuta abin da suka gani, sun binne cikin akwatunan ƙarfe da gwangwanayen madara. An kashe shi a 1944. An tono takardun a 1946 da 1950.

Kada a ce abin a Turai kaɗai ya tsaya. Libiya maƙwabciyarmu, inda ƴan uwanmu ke zuwa neman kuɗi, tana hannun Italiya a lokacin, Italiya kuwa abokiyar Jamus ce. A 1942 aka kwashe Yahudawan Bengazi da kewayenta wajen 2,600 zuwa Jadu, kan duwatsu kudu maso yamma da Tarabulus. Nan ba unguwar cikin gari ba ce, tsohon barikin soja ne aka kewaye da waya. Yunwa da taifus suka kashe mutum 562. Sojojin Ingila suka buɗe wurin a watan Janairu 1943.

Tambayoyi

1. Mene ne bambancin ganuwar Birnin Damagaram da katangar Warso?
2. Don me aka bar kasuwa da lambuna a waje?
3. In ɗaki guda na ɗaukar mutum 7, ɗaki nawa mutum 420 za su cika?