Ƙayyade Awon Hoton Kwamfutar Nesa a Bisa Alluna Biyu

Gabatarwa

Manufar wannan ɗan nazari ita ce bayyana yadda mai sarrafa kwamfuta daga nesa zai tsayar da awon hotonta, alhali yana aiki da alluna biyu. Da ɗigogi ake auna hoto, misali 1920 a kwance, 1080 a tsaye.

Tushen Matsala

Tun 2009, shekarar da Microsoft ya fito da Windows 7, manhajar Remote Desktop take iya ɗaukar kowane allo a matsayin mai zaman kansa. Amma fa in an kunna wannan tsari, manhajar takan yi watsi da awon da aka rubuta mata, ta bi na allunan da ke gaban mai aiki. Saboda haka da zarar an sauya allo, sai tagogin aiki su tarwatse.

Mafita

Hanya biyu ce. Ta farko, a daidaita allunan su zama awo ɗaya kafin a haɗa layi. Ta biyu, a buɗe fayil ɗin .rdp, a rubuta waɗannan:

use multimon:i:0
screen mode id:i:1
desktopwidth:i:3840
desktopheight:i:1080

Wato an kashe tsarin alluna masu yawa, an buɗe taga guda mai faɗin alluna biyu a haɗe. Aibinta shi ne, kwamfutar nesa za ta ɗauka allo ɗaya ne, har saƙonni su riƙa fitowa daidai mahaɗar allunan.

Kammalawa

Daga bayanan da suka gabata, za a fahimci cewa tsayayyen awo da 'yancin kowane allo ba su cika haɗuwa ba. Tilas mai aiki ya zaɓi wanda aikinsa ya fi bukata.