Me ke Hannun Ciyaman a Makomar Ƙauran Namoda?

TAMBAYA: Ni manomi ne daga Banga. Rashin tsaro ya sa na kwaso iyalina muka dawo bayan garin Ƙauran Namoda. Kullum ƙaruwa muke, gidaje na ta tashi, ba layi ba kwata. Shin ciyaman yana da ta cewa kan yadda garin nan zai kasance nan gaba, ko biyan albashi ne kawai aikinsa?

AMSA: Malam, Allah ya kawo ƙarshen wannan masifa, ya mai da ku gonakinku lafiya.

Yana da ta cewa, fiye da yadda yawancinsu ke nunawa. Tsaro kam ba a hannunsa yake ba, soja da ɗan sanda daga sama suke karɓar umarni. Amma jadawali na huɗu na kundin tsarin mulkin 1999 ya damƙa wa ƙaramar hukuma kasuwa da tasha da mayanka da maƙabarta, da magudanan ruwa da kwashe shara, har da raɗa wa tituna suna, ga kuma hannu a firamare da ƙananan asibitoci. Da waɗannan ake gina gari.

Ƙaura ta saba da bunƙasa. Layin dogo da ya taso daga Zariya ta Gusau a nan ya tuƙe a 1929, gyaɗa da auduga suka jawo fatake. A 1983 aka kafa kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya, ɗalibai suka cika gidajen haya. Waɗancan baƙin da kuɗi suka zo. Na yau kuwa, irinku da 'yan'uwanku na ƙasar Zurmi da Shinkafi, da tabarma da tukunya suka iso, kuma da yawa ba za su koma ba ko an samu lafiya, don yaransu sun riga sun shiga makaranta a nan.

To a nan ne nake ganin ake gane ciyaman mai hangen nesa. Ka san yadda abin ke tafiya: mai gona ya kira dillali, a ja igiya a yanka fuloti, a bar lungun da ko amalanke ba ta wucewa. Watan Agusta ruwa ya rasa hanya ya faɗa ɗakuna. Ranar da aka yi rasuwa, sai an karkata makara kafin a fita da ita. Hana wannan ba ya cin miliyoyi. Turaku ne za a kafa tun gona tana gona: nan hanya, nan makaranta, nan maƙabarta, nan ruwa zai bi. Dokar filaye ta 1978 ta sa filin birni a hannun gwamna, na karkara kuma ƙaramar hukuma ke ba da takardarsa, don haka dole ciyaman ya zauna da mai martaba sarki da hakimai da ma'aikatar filaye ta Gusau. In ya bari aka ɗora bulo, sai rusau da biyan diyya da gaba.

Kada kuma ya manta da inda kuka fito. Lokacin da aka rufe kasuwannin mako a Zamfara a 2021, har da babbar kasuwar Shinkafi, kowa ya ga cewa ƙauye ke ciyar da gari. Hanyar Banga da makarantarta suna cikin lissafin Ƙaura.

Za a ce maka babu kuɗi. Shekara da shekaru kason ƙananan hukumomi 774 yana bi ta asusun haɗin gwiwa da jiha, wannan gaskiya ne. Amma ranar 11 ga Yuli, 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa ba su kuɗinsu kai tsaye, ta kuma haramta naɗa kantomomi. Aiwatarwa na tafiyar hawainiya, duk da haka yanzu kuna da hujjar tambaya.

Shawarata, ku haɗa kwamitin unguwa, ku ɗauki mai unguwa da kansilanku ku je sakatariya da takarda a rubuce. Ku nemi a nuna muku taswirar inda garin zai miƙa, ku nemi a turo ma'auna su kafa turakun hanya da na makaranta kafin damina ta faɗi.