Yadda Ake Duba Baƙin Mai Da Ƙara Shi Daidai A Injin Babbar Mota

Matasa da yawa a yau suna samun abincinsu ne a jikin manyan motoci. Wani yaron mota ne da ke koyon tuƙi, wani an damƙa masa tifa yana ɗibar yashi, wani kuma shi ke riƙe da lissafin motocin maigidansa a waya. Dukkansu akwai aiki guda da ya kamata su iya shi kamar yadda suka iya duba cajin waya, wato duba baƙin man inji. Aikin ba ya cin minti goma, amma sakaci da shi na iya sa inji ya buga a tsakiyar daji, kuma gyaran injin tirela kuɗi ne da kan kai miliyoyin naira, ban da asarar kayan da aka ɗauko da kwanakin da mota za ta yi a gareji.

Wannan darasi ya ƙunshi yadda ake dubawa, yadda ake karanta abin da aka gani, da yadda ake ƙarawa ba tare da an zarce ba.

Me baƙin mai yake yi a cikin inji?

A cikin inji akwai ƙarafa da ke gogar juna sau dubbai a kowane minti. Baƙin mai ne ke shiga tsakaninsu ya zama siririn shamaki, don kada ƙarfe ya ci ƙarfe. Bayan haka yana kwashe zafi daga wuraren da ruwan lagireto ba ya kaiwa, kamar ƙasan fistan da cikin tobo. Yana kuma wanke baƙin hayaƙi da ƙananan ɓarɓashin ƙarfe ya kai su filta.

Idan inji yana kashe, man yana taruwa ne a wani kasko da ke can ƙasan inji. Da zarar an tayar, famfon mai zai zuƙo shi daga kaskon ya tura shi ko'ina da ƙarfi, daga nan ya gangaro ya koma. Wannan zagayen shi ne dalilin duk ƙa'idojin da ke tafe.

Sharuɗɗa biyu kafin a taɓa geji

Geji shi ne siririn ƙarfen nan mai tsawo da ake zarowa a ga inda mai ya tsaya. Mariƙinsa yawanci rawaya ne ko ja. Abin da geji ke aunawa shi ne tsayin man da ke kwance a kasko, saboda haka ba zai faɗi gaskiya ba sai an cika sharuɗɗa biyu.

Na farko, mota ta tsaya a wuri mai daidai. Kaskon injin babbar mota dogo ne, idan gaban mota ya ɗaga ko taya ɗaya ta hau kafaɗar titi, mai zai tattaru gefe guda. Geji zai nuna ya cika alhali ya yi ƙasa, ko ya nuna ya yi ƙasa alhali yana nan daidai.

Na biyu, a ba mai lokaci ya sauko. Idan yanzu aka kashe inji, wani kaso mai yawa na man yana sama bai dawo kasko ba. Wanda ya duba a lokacin zai ga kamar ya ragu, ya ƙara, daga baya kuma ya tarar ya wuce iyaka. A ƙaramar mota minti 5 zuwa 10 ya isa. A babban injin gas a jira aƙalla minti 15. Mafi sauƙi shi ne a duba da safe kafin a tayar da mota, domin ta kwana mai ya gama sauka.

Ina geji yake?

A motocin da ke da dogon hanci, irin su Mack da tsohuwar Marsandi 911, ana ɗaga murfin gaba ne a ga geji a gefen inji. A motocin da kan yake zaune a saman inji, irin su DAF, MAN, Howo da Kanta, ya danganta da ƙirar motar: wata geji da bakin zuba mai suna bayan murfin gaba na ƙasan gilashi, wata suna gefe bayan kan mota, wata kuma sai an kifa kan gaba ɗaya. Idan za a kifa kai, a ja birkin hannu, a cire giya, a kwashe duk abin da ke ciki wanda zai iya faɗowa ya fasa gilashi, a kuma tabbatar kan ya kifu har ƙarshe ko an sa masa tokara. Kada kowa ya shiga ƙarƙashin kan da ya tsaya a rabi.

Matakan dubawa

1. A samu tsumma mai tsabta wanda ba ya zubar da zare. A goge ƙurar da ke kewaye da bakin geji tukuna, musamman lokacin hunturu.
2. A zaro geji a goge shi tas. Karon farko ba a karanta shi, domin mai ya fantsama a jikinsa lokacin da inji ke aiki.
3. A mayar da shi har ƙarshe sai ya zauna daram. Idan bai shiga duka ba zai nuna ƙasa da abin da ke akwai.
4. A jira daƙiƙa kaɗan a sake zarowa, a riƙe shi bakinsa na kallon ƙasa ko a kwance. Idan aka ɗaga bakin sama, mai zai gangaro ya ɓata karatun.
5. A duba fuskokinsa biyu. Idan sun bambanta, a yi aiki da wanda ya fi ƙasa.

A bakin geji akwai alamomi biyu. Wani an rubuta MIN da MAX, wani L da H, wani kuma huda biyu ne kawai ko zane mai kama da raga. Ta ƙasa ita ce iyakar ƙaranci, ta sama iyakar cika. Muddin mai yana tsakaninsu, inji na cikin aminci. Ga motar da za ta yi doguwar tafiya da kaya, an fi so ya kasance kusa da alamar sama, amma kada ya haura ta.

A nan ne wanda ya saba da ƙaramar mota kan ruɗe. A ƙaramar mota, tazarar da ke tsakanin alamomin biyu kusan lita 1 ce. A babban injin tirela, wanda kan ɗauki lita 30 zuwa 40, tazarar lita da yawa ce. Adadin kowane inji yana rubuce a littafin motar, kuma yawancin waɗannan littattafai ana samun su a intanet a sauke a waya. Ya kamata mai kula da mota ya nemo na motarsa ya ajiye.

Abin da kalar mai ke faɗa

Baƙin launi kaɗai ba matsala ba ne. Man injin gas yakan yi baƙi cikin ƙanƙanin lokaci bayan juye, saboda yana kwasar baƙin hayaƙi, aikinsa ke nan. Abubuwan da ya kamata su tayar da hankali su ne waɗannan:

Idan man ya koma kalar shayi da madara, ko an ga farin kumfa a cikin murfin zuba mai, ruwa ne ya shiga. Galibi daga gasket na kan inji ne ko daga na'urar sanyaya mai.

Idan man ya tsinke kamar ruwa yana warin gas, kuma geji na nuna yana ƙaruwa ba tare da kowa ya ƙara ba, man gas ne ke zubowa ciki, sau da yawa daga nozul. Mai ba ya haihuwa, duk ranar da ya ƙaru da kansa to wani abu ne ya shiga.

Idan aka murza shi a yatsa aka ji tsakuwa-tsakuwa, ko aka haska fitilar waya aka ga yana ƙyalli kamar an barbaɗa garin ƙarfe, wani abu na cinyewa a ciki.

A waɗannan halaye uku ƙarin mai ba magani ba ne. A kira bakanike kafin a ɗau hanya.

Wane mai za a zuba?

A jikin kowace jarkar mai ta gaskiya akwai rubutu iri biyu da ya kamata a karanta. Na farko shi ne kauri, kamar 15W-40, wanda shi aka fi amfani da shi a manyan injinan gas a ƙasashe masu zafi. Lambar da ke gaban W tana nuna yadda man ke gudu lokacin sanyi, ta bayan kuma kaurinsa bayan inji ya ɗau zafi.

Na biyu shi ne darajar API. Wanda ya fara da harafin C na injin gas ne, kamar CH-4, CI-4, CJ-4 da CK-4, kowanne ya fi na gabansa sabunta. Wanda ya fara da S, kamar SL ko SN, na injin fetur ne. Wasu jarkokin suna ɗauke da duka biyun. Idan S kaɗai aka gani, kada a zuba shi a injin gas, domin ba a yi shi don ya jure baƙin hayaƙin gas ba.

Abin da ya fi shi ne a ƙara irin man da aka zuba lokacin juye. A kuma saya a rufe da hatiminsa a wurin da aka sani. Man da ake aunawa a kwalba a bakin titi, ba wanda zai iya rantsuwa a kan abin da ke ciki.

Yadda ake ƙarawa

A goge kewayen murfin zuba mai kafin a buɗe. Murfin yakan ɗauki hoton butar mai. A tabbatar shi ne, domin a wasu motocin yana kusa da bakin ruwan lagireto da na man sitiyari. A sa mazurari mai tsabta, kada a yanki robar da ta kwana a ƙasa cikin yashi.

A ƙiyasta abin da ake buƙata. Misali, idan littafi ya ce tazarar alamomin lita 6 ce, kuma mai ya tsaya a tsakiya, abin da ya rage zuwa sama lita 3 ne. Kada a zuba ukun gaba ɗaya. A zuba lita 2, a jira kamar minti 5 ya sauka, a sake gwadawa, sannan a cika saura kaɗan-kaɗan. Ƙarawa abu ne mai sauƙi, ragewa kuwa sai an shiga ƙarƙashin mota ko an nemo famfon zuƙa.

In an gama, a ɗaure murfi sosai, a mayar da geji mazauninsa, a tayar da inji na ɗan lokaci, a leƙa ƙasa ko akwai ɗigo.

Me ya sa cikawa fiye da kima ke da haɗari?

Akwai masu ganin gara ya yi yawa da ya yi kaɗan. Duka biyun ɓarna ne. Idan mai ya haura iyaka, babban sandar inji da ke juyawa a saman kasko za ta riƙa dukansa tana kaɗa shi har ya yi kumfa. Famfo zai riƙa tura kumfa mai cike da iska, ita kuwa iska ba ta hana ƙarfe cin ƙarfe. Yawan man kuma yana matsa wa robobin da ke toshe gaba da bayan inji har su fara yoyo.

Injin gas yana da wani haɗarin na daban. Yana iya ƙona baƙin mai kamar yadda yake ƙona gas. Idan man ya sami hanya ya bi ta bututun iska ya shiga ɗakin ƙonewa da yawa, inji zai riƙa ƙara gudu da kansa yana tuttuɗo hayaƙi, kuma ko an kashe makulli ba zai tsaya ba, sai an toshe masa iska ko ya tarwatse.

Fitilar dashbod ba ta maye gurbin geji

Jar fitilar nan mai hoton butar mai ba yawan mai take aunawa ba, ƙarfin turin famfo take aunawa. Kafin ta kama saboda ƙarancin mai, man ya riga ya yi ƙasa sosai. Idan ta kama ana cikin tafiya, a sauka gefen titi a kashe inji nan take, kada a ce bari a ƙarasa gari na gaba. Fitila mai ruwan ɗorawa, a motocin da ke da ita, ita ce ke gargaɗin cewa man ya ragu.

Sababbin manyan motoci da dama, irin su Actros da DAF XF, suna nuna yawan mai a allon dashbod. Su ma sharuɗɗan nan biyu suna kansu: wuri mai daidai, da jira bayan kashe inji.

Inda waya za ta yi amfani

Duk lokacin da aka duba, a ɗauki hoton geji da na lambar kilomita. Duk lokacin da aka ƙara, a rubuta rana, kilomita da lita nawa a Google Keep ko Google Sheets. Da wannan za a san shan man motar. Misali, motar da ta je Legas daga Kano ta dawo sau biyu ta yi kusan kilomita 4,000. Idan an ƙara mata lita 2 a tsakanin, tana shan rabin lita a kowace kilomita 1,000. Ranar da lissafin ya nuna ta koma shan lita 1 ko 2 a wannan nisan, an gano matsala tun tana ƙarama, ko yoyo ne, ko ringi, ko tobo.

Gargaɗi ɗaya ga masu son haɗa mota da waya: ƙananan na'urorin ELM327 masu arha an yi su ne don ƙananan motoci masu lantarkin bolt 12. Yawancin manyan motoci a nan bolt 24 suke amfani da shi, da tsarin sadarwa na J1939, saboda haka na'urar na iya ƙonewa ko ta kasa karanta komai. Sai a nemi wadda aka rubuta tana aiki da manyan motoci.

Ga motar da ke aiki kullum, a duba mai kowace safiya kafin a tayar, da kuma kafin kowace doguwar tafiya. Ƙarin mai ba ya maye gurbin juye, idan lokacin juye ya yi a canza mai da filta tare. Tsohon man kuma a tara shi a jarka a rufe, kada a zuba a kwata ko kusa da rijiya, sannan a wanke hannu da sabulu bayan an gama.